Gyaran Labarin da Ya Jawo Mana 'Yan Ta'aziyya

Ba zan taɓa mantawa ba (ko da na so mantawa ma 'yan gidanmu ba za su bari ba) da shekarar da na kashe mahaifina da biro. Kada gaban mai karatu ya faɗi. A lokacin lafiyarsa ƙalau, har ya fi ni ƙoshin lafiya, mutum ne da ban taɓa jin ya ce kansa yana ciwo ba. A takarda na kashe shi, kuma don neman maki.

Shekarar da sojoji suka tattara nasu ya nasu suka miƙa wa farar hula mulki ce. Ina aji biyar a wata sakandaren gwamnati ta maza a wajen Ƙofar Kabuga. Gari ya cika da fostoci, ko bangon makewayin makarantarmu bai tsira ba, kalmar dimokuraɗiyya kuwa ta shiga bakin kowa. Ko ƙanwata aka aika sayen daddawa sai ta turo baki ta ce ai yanzu ba mulkin soja ake yi ba, sai Umma ta ɗaga muciya sannan ta tuna hanyar ƙofa. A wannan zangon aka kawo mana sabon malamin Hausa, Malam Ɗanjuma, baƙo daga ƙasar Katsina, siriri mai sanyin murya da saurin tausayi. Ya ba mu aikin rubuta gajeren labari. Ya ce tun da zamani ya canza, ba shi kaɗai zai zaɓi gwani ba, ajin ne zai kaɗa ƙuri'a, wanda ya ci kuma zai karanta labarinsa a gaban makaranta gaba ɗaya a taron safiyar Litinin.

Ni kuwa dama ina da abokin hamayya, Sagir, maƙwabcinmu a Goron Dutse, soron gidansu yana kallon namu. Tare muke tafiya makaranta, tare muke dawowa, amma ban taɓa yi masa fatan ya zo na ɗaya ba, shi ma haka. Ya fi ni lissafi, ya fi ni ƙwallo, ya fi ni tsawo. Abu ɗaya da na riƙe a duniya shi ne sunan "marubuci", wanda ni na raɗa wa kaina, har na rubuta shi a bayan duk littattafaina. In Sagir ya ƙwace wannan ma, to ban ga abin da zan dinga zuwa yi a makaranta ba.

Labarina na farko, a ganina, ba a taɓa rubuta irinsa ba. Wani hamshaƙin attajiri ne mai jirgin sama na kansa, 'yan fashi suka sace masa akwatin zinariya, wani jarumin ɗan sanda ya bi su har ƙasar waje, yana dirowa daga saman bene da bindiga a kowane hannu. Kafin a kai shafi na uku na kashe mutane sun fi cikin motar haya. Na miƙa wa Malam ina tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Da ya dawo mini da takardar, jan biro ya fi baƙi yawa a jikinta. Ya kira ni gaban teburinsa.

"Ka taɓa shiga jirgin sama?"

Na ce, "A'a, Malam."

"Bindiga fa, ka taɓa riƙewa?"

"Ta kara dai, Malam."

Aji ya fashe da dariya, ta Sagir ta fi ta kowa tsawo. Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka kashe mutane barkatai, amma ko ɗaya ban ji tausayinsa ba, domin ban san kowa a cikinsu ba. Je ka gyara. Ka rubuta mutumin da ka san takun tafiyarsa, wanda in yana zuwa tun daga nesa ka san shi ne. Ka sa ni in san shi, sannan duk abin da ya same shi zai same ni."

Ban kai ga fara gyaran ba sai ciwon ido ya kama ni, apolon nan da ke zagaya unguwa in damina ta kama. Idanuna suka yi jajur, Umma ta hana ni fita, na yi kusan mako ina gida ina ɗiga magani. Zaman banza kuwa shi ya ba ni damar kallon Baba da idon marubuci, duk da idon a kumbure yake.

Babanmu mai sayar da turare ne a kasuwar Kurmi, sana'ar da ya gada daga kakanninsa da suka zo daga Barno tun ba a haifi kowa a layinmu ba. Ƙaƙƙarfan mutum ne mai giɓi da babbar murya. Ba ya shiga gida sai ya yi gyaran murya a soro, irin wanda ke sa kaji watsewa. Yana da wata tsohuwar rediyo da murfin batirinta ya ɓace, ya ɗaure ta da kyauron roba, kullum tana manne da kunnensa yana jin yadda ake rantsar da sababbin shugabanni yana cewa, "Za mu gani." In ya fasa goro, babban ɓarin yake miƙa wa na kusa da shi, ko da yaro ne. In ya tashi daga kan tabarma kuma, ƙamshin turarensa yakan zauna a wurin har a naɗe ta.

Duk wannan na kwashe na zuba a takarda. Na fitar da jirgin sama, na kori ɗan sanda, na mayar da attajirin ya zama "Baba", mai ba da labarin kuma ya zama ni. Na sa masa zazzaɓi, na yi jinyarsa shafi guda, sannan ya warke aka yi sadaka. Na karanta wa kaina, na ji labarin salam, kamar miyar da aka manta ba a sa wa gishiri ba. Na tuna maganar Malam, na tuna dariyar Sagir. Na daɗe ina cizon murfin biro. Daga nan na ja layi a kan "ya warke", na ce a raina Allah ya ba Baba haƙuri, na kashe shi ranar wata Alhamis da hantsi. (A daidai lokacin yana tsakar gida yana faɗa a kan wa ya ɗauke masa buta.)

Ranar da na koma makaranta idanuna ba su gama washewa ba. Na ajiye takardar a teburin Malam na koma wurin zamana. Ina kallonsa yana karantawa. Ya juya shafi, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Da aka kaɗa ƙararrawar tara ya ce in tsaya.

Ya dubi jajayen idanuna ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe abin da ya hana ka zuwa ke nan? Me ya sa ba ka aiko an faɗa mana ba?"

To, a nan ne Allah ya ba ni damar in ce, "A'a Malam, labari ne, apolo na yi." Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma ga Malam yana hawaye a kan rubutuna, ni da ko yabon kirki ban taɓa samu ba, daɗi ya cika ni har kunne. Sai na sunkuyar da kai na ce a hankali, "Malam, sai haƙuri." Na riƙa gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba, ai kowa ma yana buƙatar haƙuri.

Ranar ƙuri'a Malam da kansa ya karanta labarin. Har monitanmu, wanda ya fi wasu malaman gemu, sai da ya ja hanci. Na lashe zaɓe ba hamayya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Sagir ma ni ya ɗaga wa hannu, ya ɗaga shi sama sosai, fuskarsa a sake. Da ina da hankali, da tun nan na sha jinin jikina.

Ranar Litinin na hau dandamali na karanta, har ina tsayawa a wuraren da suka dace ina share ido. Shugaban makaranta ya sa aka yi wa marigayi addu'a, yara fiye da yadda ido zai ƙirga suka shafa wa Babana fatiha, shi kuwa yana can Kurmi yana ciniki. Na sauko kaina ya kumbura.

A hanyar gida Sagir ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Jiya da yamma ma na gan shi a wajen mai tsire, ban san fatalwa ba ce, har na gaishe shi."

Na ce, "Sagir, don girman Allah."

Ya ce, "Ni? Me zan ce? Ai ba a tone-tone a kan mamaci."

Na yarda da shi, wannan ma wani sakarcin ne. Ashe washegari da Malam Ɗanjuma ya ce a ofishin malamai bai dace a yi wa ɗalibi rasuwar uba ba a je gaisuwa ba, matsalarsa ɗaya bai san lungunan cikin gari ba, shaƙiyyin nan ne, da ya kai littattafai ofishin, ya matso cikin ladabi ya ce, "Malam, na san gidan, zan raka ku."

Da la'asar sakaliya ce. Baba ya dawo daga kasuwa, an shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, rediyo a kunne, ni kuma ina tsugune ina wanke masa takalmi. Na ɗaga kai sai na hango su sun shawo kwanar layinmu: Sagir a gaba, Malam Ɗanjuma, mataimakin shugaban makaranta da babbar rigarsa, sai monita a baya ɗauke da ƙullin gero na sadaka. Na so in gudu, na so in suma, ko ɗaya bai samu ba.

Suka yi sallama suka tuɓe takalma. Baba ya kashe rediyo ya gyara musu wuri. Mataimaki ya miƙa masa hannu biyu ya ce, "Alhaji, ya muka ji da haƙuri?"

Wanda ya san cikin birni ya san ba a yi wa mai gaisuwar mutuwa tambayar wa ya mutu. Kullum akwai wanda ya rasu, in ba a dangi ba a unguwa, in ba a unguwa ba a kasuwa. Ga shi kuwa ba a daɗe ba wani tsoho maƙwabcin rumfar Baba, Malam Kyari, ya rasu, jefi-jefi ana tare Baba ana yi masa gaisuwa. Don haka ko gezau bai yi ba. Ya sauke murya ya ce, "Haƙuri mun gode Allah."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Baba ya ce, "Amin, amin."

"In tamu ta zo ya sa mu cika da imani."

"Amin summa amin."

Aka yi wa Annabi salati, aka karanta Ƙulhuwallahu, aka ɗaga hannu. Ina tsugune da burushi a hannu ina kallon mahaifina yana roƙa wa kansa sauƙin kwanciyar kabari, da iyakar gaskiyarsa, har amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. Sagir ya rufe fuska da tafukansa wai yana addu'a, kafaɗunsa suna rawa.

Da an tsaya a nan an tashi, da na tsira. Amma Baba mutum ne mai son yabon mamaci. Ya fasa goro ya miƙa wa Malam Ɗanjuma babban ɓarin, ya ce, "Ai an yi rashi. Mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Sai dai ɗan faɗa, Allah ya yafe masa."

Malam ya karɓi goron ya tsaya yana kallonsa. Ya kalli rediyon da kyauron roba. Ya kalli giɓin Baba. Idonsa ya kawo ruwa ya ce, "Ikon Allah. Jini ba wasa ba. Alhaji, kai wansa ne ko ƙaninsa? Yadda yaron nan ya siffanta mana shi, kamar kai ya zauna ya zana. Ashe har rediyon kai aka bar wa."

Baba ya ce, "Wan wa?"

"Marigayin."

"Malam Kyari ai ba mu haɗa komai ba sai bangon rumfa."

Mataimaki ya gyara zama ya ce, "A'a Alhaji, mahaifin wannan yaron muke nufi." Ya nuna ni da baki.

Baba ya juyo a hankali ya dube ni, ya dubi baƙi, ya sake dubana. Zufa ta keto mini har tana ɗiga a kan takalmin da nake wankewa. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige, ta rufe, a shimfiɗa tabarma a kai.

Ya ce, "Ni ne mahaifin yaron nan. Tun da aka haife shi nake kan muƙamin, kuma ban ji an ce na sauka ba. Sojoji ne suka sauka, Malam, ba ni ba. Yaushe na rasu?"

Malam Ɗanjuma, don tsabar ruɗewa, sai ya ba shi amsa. Ya ce, "Ranar Alhamis, Alhaji, da hantsi."

A nan Sagir ya kasa riƙewa, ya kife a kan tabarma. Daga cikin soro kuma sai ga salatin Umma, ashe ta zo miƙo ruwan baƙi ta ji komai. "La'ilaha illallahu! Mugun fata a kan ubanka? Da bakinka ko da hannunka?" Mataimaki ya fara laluben takalminsa yana ba da haƙuri, wannan karon haƙurin gaske. Monita ya rasa yadda zai yi da ƙullin gero, ya ajiye, ya ɗauka, ya sake ajiyewa. Malam Ɗanjuma ya juyo gare ni. Kallo ɗaya ya yi mini, irin na mutumin da aka sa ya yi kuka a banza, kuma har yau wannan kallon ya fi mini duka ciwo. Baba ya raka su har bakin layi yana yi musu godiya, yana cewa ba kowa ne ke samun ganin masu zuwa gaisuwarsa da idonsa ba.

Da ya dawo ya zauna, na riga na sallama bayana ga bulala. Sai ya ce, "Je ka ɗauko takardar da ka kashe ni a ciki."

Na ɗauko. Ya ce in karanta, kada in tsallake ko harafi. Na fara. Da na zo wurin gyaran murya ya ce, "Hm." Da na zo wurin rediyo ya ce ai ba laifinsa ba ne, mu muka ɓatar da murfin. Da na zo wurin goro da ƙamshin da ke zama a tabarma bayan ya tashi, sai ya juya kai yana kallon bangon gidan su Sagir, ya daɗe a haka. A gidanmu ba a cewa uba ana sonsa, ba a saba ba, kuma ban san na faɗa ba sai da na ji kaina ina karantawa a gabansa. Kunya ta kama ni fiye da ta ɗazu.

Na ci gaba har na kai jana'iza. "Aka fito da shi, aka yi masa salla a ƙofar gida, mutane suka yi sahu biyu..."

"Dakata." Ya ɗaga hannu. "Sahu nawa?"

"Biyu, Baba."

Ya ajiye rediyon a ƙasa. "Kai, kashe ni da ka yi na yafe, kowa zai mutu. Amma sahu biyu? Ni? Shekara da shekaru ba jana'izar da ta wuce ni a garin nan, daga Ƙofar Dawanau har Kabuga, ko ruwa ake ko rana, sai ka tashi ka ba ni sahu biyu kamar wanda ya ci bashin unguwa? Kuma haka ka karanta a gaban makaranta? Ɗauko biro."

A nan kan tabarmar na yi wa labarin gyara na ƙarshe, Baba yana faɗa ina rubutawa. Layinmu ya cika, aka tare titi, 'yan turaren Kurmi suka rufe rumfuna, dangi suka zo daga Barno mota-mota. Sai da ya sa na karanta masa sau biyu, sannan ya gyaɗa kai ya ce yanzu labari ya yi ma'ana. Litinin ta gaba kuma na sake hawa dandamalin nan, na sanar wa makaranta cewa mahaifina yana raye yana kuma gaishe su. Har na gama sakandare ba wanda ya ƙara kirana marubuci. Maraya suke ce mini, har malamai.

Shekaru da yawa bayan haka, da tasa ta zo da gaske, na tsaya a ƙofar gidan nan na waiwaya, na ga mutane har bakin titi, inda ido ba ya kaiwa. Kuka nake, amma sai na kama kaina ina ƙirga sahu. Sagir yana gefena, furfura ta fara fito masa, ya matse mini hannu ya ce a hankali, "Bar ƙirgar nan, Maraya. Ya fi yadda ya sa ka rubuta."

Darasin da na ɗauka dai bai taka kara ya karya ba, amma ina ba kowane sabon marubuci shi kyauta. Malam Ɗanjuma ya yi gaskiya, mutumin da ka sani shi ne ke sa mai karatu kuka. Sai dai in ka tashi kashe shi a takarda a cikin birnin Kano, ka fara tabbatar da cewa ba wanda ya san hanyar gidansa, in kuwa an sani, to ka cika masa sahu.